Shagunan Kek na Girona

Kabiru, wannan babin naka ne, ko da yake 'yan'uwanka ma su karanta. Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifinku, shekara shida ke nan kuma rabonka da alkakina. Duk sallah sai na aika gidanka da shi, matarka ta karɓa da godiya, yara su yi masa wawa, kai ko kallon samirar ba ka yi. Kada ka ɗauka ban sani ba. Ni da na shafe shekara talatin da ɗoriya ina soya kayan gara a Takur, alkaki da dubulan da cincin, ba a yi mini ɓoyo a kan abin da ya fito daga kaskona. Na kuma san abin da ke cin ranka, tunda ka taɓa faɗa mini sau ɗaya a waya, lokacin ina ƙasar Sifen:

"Umma, mu muna nan muna jigilar asibiti da Malam, ku kuna can kuna zagayen shagon kek."

Ban ba ka amsa ba, domin sirrin ba nawa ba ne. Bana mai sirrin ta ce in faɗa, shi ya sa na zauna rubutu da wannan boko nawa mai kama da tafiyar kaza.

Babbar yayarku ita ce 'yata ta fari, kun kuma san yadda aka tarbiyyantar da mu game da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai dai wata ta ɗauka. Ana yaye ta kakarku ta wajen uba ta zo ta goya ta zuwa Miga, a can ta girma. Ni 'yar Miga nake ce mata, ita kuma Yaya take ce mini kamar yadda ƙannena ke kirana. Ku duka na tauna muku abinci na sa muku a baki, ita ban taɓa zama na ci a kwano ɗaya da ita ba. Ina son ta, Allah shaida ne, amma son nan a cikina ya tsufa, bai taɓa fitowa ta baki ba. Da ta yi aure, aikin mijinta Nura ya kai su wani gari da ake kira Girona a yankin Kataloniya. Shekararsu huɗu a can ta haifi ɗa namiji, aka sa masa sunan Malam mahaifinku, muke kiransa Halifa. Kakar tata ta riga ta rasu, babu mai zuwa wankan jego sai ni. Na ce wa Malam ba zan bar shi da ciwon suga da wannan gyambon na ƙafarsa ba. Ya ce kwana arba'in ne kawai, ga ka ga matarka, in je in dawo.

Na tafi da kanwa da gero da yaji da daddawa, ina ta tsara kunun da zan dama. Yarinyar da na sani da ƙiba da surutu, na same ta kwance ta juya wa taga baya, labule a sake tsakar rana, wuyanta duk ƙashi. Za ta shayar da yaron, ta miƙo shi ba ta ko kalli fuskarsa ba. Na dama kunun kanwa, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Na yi farfesu, ya kwana ya wuni. Ba ta kuka, ba ta faɗa, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Nura ya ja ni gefe, kansa a ƙasa, ya ce likita ta ce ciwo ne da kan kama wasu mata bayan haihuwa, an ba ta magani, amma dole ta riƙa cin abinci, ta riƙa fita tana takawa tana ganin rana. Ya yi lallashi har ya gaji, ko bakin ƙofa ta ƙi zuwa. Abu ɗaya ta roƙa, kada a faɗa a gida. Ta san Dutse, ta san kafin la'asar za a ce ta haukace ko iska ta taɓa ta. Mahaifinku kaɗai na gaya wa. Ya ce:

"Ki rufa mata asiri. Ko yaran kada su ji."

Wata safiya gidan ya ishe ni, na yafa mayafi na sauka ni kaɗai. Hancina ne ya ja ni. Can kan kwana na ga shago da gilashi, an jera kayan fulawa iri-iri, wasu da sukari kamar an yi musu hoda. Mai sana'a ba ta wuce irin wannan. Na nuna wani mai zagaye, an naɗe shi kamar gammo, na miƙa kuɗi, na dawo ina jin kaina. Na zauna a bakin gadonta na buɗe takardar, na yi bisimilla, na kai hannu ke nan sai na ji an fizge. 'Yar Miga ce zaune daram, ita da sai an ɗaga ta.

"Yaya, kada ki ci. Da man alade ake murza wannan."

Na yi salati na watsar da takardar, na wanke hannu ya fi sau bakwai. Matar malami guda, da furfurata, na tsallako teku zan ci alade da bisimilla. Ina cikin kurkure bakin da ko taɓa abin bai yi ba na ji wani ɗan sauti a bayana. Dariya ce, gajeriya, iyakarta maƙogwaro, amma dariya ce. Da na ba Malam labari a waya da yamma ya yi ta ƙyaƙyatawa har da tari. Da ya nutsu sai ya ce:

"Kika ce ta tashi zaune?"

"Ta tashi."

"To, Hajiya, ai kin samo bakin zaren. Gobe ma ki ji kwaɗayin kek."

Haka na zama tsohuwa mai kwaɗayi. Washegari na tsaya a kanta na ce ni fa raina kayan fulawar garin nan yake so, ba na jin yarensu, in ba ta raka ni ta tambaya mini ba, to alhakin duk aladen da na ci yana wuyanta. Nura, bawan Allah, bai gane dawar garin ba, ya rubuta mini tambayar a takarda wai in riƙa nunawa. Na cusa ta a ɗankwali na ce ta ɓata. Ya sake rubutawa, ita ma ta ɓata. A ta uku ya kalle ni, ya mai da bironsa aljihu. A ƙasan benensu kuma akwai shagon wasu 'yan Maroko, komai nasu halal, kayansu kuwa babu laifi, in faɗi gaskiya. Amma taku goma ne daga ƙofa, me zai yi mini? Na ɗanɗana na yatsine fuska na ce zumarsu ta yi yawa. Allah ya yafe mini, na ɓata wa mutane sana'a a banza.

Ranar farko da ta fito, ta saka doguwar rigar sanyi, na goya Halifa da zani, Turawa suna ta waiwayenmu. Shago ɗaya muka je, ta yi tambaya da murya ƙasa-ƙasa, aka ce akwai man alade, muka juyo. Kashegari muka je na gaba da shi. Daga nan kullum sai na ƙara nisa. Ta ce ta duba waya ta ga inda aka fi yabo, na ce waya ba ta da hanci. Na koya mata yadda ake gane wurin kirki, yadda nake gane na masu sana'a irin tawa a gida. Ki tsaya a bakin ƙofa ki shaƙa, in man suya ya kwana ya sake kwana, zai kama miki maƙoshi tun kafin ki shiga. Ki dubi masu layi, in matasa ne da jakar goyo suna ɗaukar hoto, wuce, in tsofaffin mata ne da kwandon cefane suna yi wa mai shago faɗa, to nan ne. Ki leƙa bayan kanta, in babu ɓurɓushin gari a ƙasa, babu zafi yana fitowa daga ciki, to daga wani wuri aka kawo a mota. Burodinsu mai zagaye kuwa, mai ɓawo da tauri, sai na sa a juya mini shi in ƙwanƙwasa gindinsa in ji. Wani mai shago ya ɓata rai, wani ya yi dariya ya ƙara mini da gutsure. Muka bi lunguna masu daɓen dutse, muka haye gadojin kogin da ya raba garin, inda gidaje masu launin ja da rawaya suka jeru a bakin ruwa. Gwiwoyina suna kuka, ina cewa su yi shiru. Duk abin da muka saya sai in gutsura in miƙa mata ba tare da na dube ta ba, in ce ta ɗanɗana mini ko gishiri ya ji. Wata rana ta lasa, wata rana ta ci loma biyu, wata rana ta girgiza kai.

Hotunan da kuka riƙa gani daga nan suka fito. Malam ne ya ce a riƙa turowa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana zaune da mai alkaki ba ya iya cin ko ɗaya saboda suga, sai ya ce in bayyana masa komai, yaya ɓawon, yaya cikin, ya ce in ci rabonsa. Amma ba kek yake dubawa ba. Yana duba bayana ne, ya ga yau mun yi nisa da gida ko ba mu yi ba. Ita ke ɗauka, ta kuma ƙi yarda a ɗauke ta saboda ramar da ta yi. Shi ya sa kullum ni kaɗai kuke gani, riƙe da abu mai sukari, baki har kunne.

Arba'in ta cika tana nan dai jiya i yau, ta ɗan taso amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. A makon ne ka kira ka ce ƙafar Malam ta rikice, an kwantar da shi, ka kuma faɗi maganar nan da na rubuta a sama. Ban ji haushinka ba. Kai ke ɗaga shi, kai ke wanke shi, kai ke kwana a kan tabarma a baranda, kana buɗe waya kana ganin uwarka da kek. Ko ni ce abin da zan ce ke nan, wataƙila ma da ƙari. Na haɗa kayana a ranar. Na sa aka ba Malam waya, ya ce ku ba shi wuri, na ji fitarku. Na ce masa gobe Nura zai nema mini jirgi.

"Yau me ta ci?"

"Rabin burodi da shayi. Malam, ba wannan na kira mu yi ba."

"In kin taho, wa zai fitar da ita?"

Sai ya ci gaba:

"Ni ina da Kabiru, ina da likitoci, ina da shekara saba'in a bayana. Ita wa take da shi? Tun tana wata ashirin muka ba da ita, Hajiya. Ni da ke muka ba da ita. Ki zauna sai ranar da ta ci abu guda ta cinye da kanta, ba don ke ba. Ran nan ki taho."

Na yi masa gardama, kun san bakina. Na ce in wani abu ya same shi fa? Ya ce to ya same shi, ba ni ke riƙe da ransa ba. Na yi kuka na ce ya ɗora mini abin da ya fi ƙarfina. Ya ce ya sani. Kada in ɓoye a bayan umarninsa, Kabiru, don da na so da na taho, ba yau na fara saɓa masa ba. Na auna su biyun a raina, na kwance kayana da hannuna. Ni na zaɓa.

Muka ci gaba da yawo, ina dariya a titi, hankalina yana wurin Malam. Ita ba ta san jikin mahaifinta ya yi tsanani haka ba, mun ce mata ƙafar ce dai. Sai wata Talata, muna bin wasu tsofaffi biyu masu kwando, suka kai mu wani ɗan shago a tsallaken kogi, ƙofarsa ƙarama, ko allon kirki babu. Tun daga waje na ce nan ne. Man sabo ne, ƙamshin kuma na yanzu-yanzu. Mai shagon wata tsohuwa ce gajeriya, sa'ata ko ta ɗan girme ni, ta naɗe hannun riga. Tana tsamo wani abu dogo daga mai tana birgima shi a sukari, cikinsa da haɗin madara da ƙwai. Shusho suke ce masa, abin alfaharin garin ne. 'Yar Miga ta yi tambayar da ta saba. Matar ba ta amsa da baki ba, ta shiga ciki ta fito da garwar mai da ƙunshin man shanu ta dire a gabanmu. Wajen direwar na ga damtsenta, duk tabon fallatsar mai, ƙanana-ƙanana har gwiwar hannu. Ban san lokacin da na ture mayafi na nuna mata nawa ba. Ta kama hannuna ta juya shi, ta kalli nata, muka fashe da dariya mu biyu, babu mai jin yaren wani. Ta ja mana kujeru, ta kawo shusho biyu masu zafi a faranti, ta leƙa fuskar Halifa a bayana. Sannan ta dubi 'yar Miga, ta dube ni, ta yi wata magana. Na ce me ta ce?

"Wai tana tambaya, ni mece ce a wurinki."

Ta faɗa, idonta a kan faranti. Na san amsar da ta saba ji a Dutse in baƙuwa ta yi wannan tambayar, in ce 'yar gidan nan ce, ko in kau da zancen, mata su yi dariya su ce kunyar 'yar fari. To a nan babu matan, babu wanda zai ce na yi rashin kunya, daga ni sai ita sai wata tsohuwa mai tabon mai. Na ce:

"Ki ce mata 'yata ce. Ni na haife ta, ita ce ta fari. Sunanta Habiba."

Shekararta talatin da ɗaya, ran nan ta fara jin sunanta a bakina. Ta buɗe baki za ta fassara, ta kasa. Ta sake gwadawa, sai kuka, irin kukan da na yi wata biyu ina jira, mai sauti, har kafaɗunta na rawa. Tsohuwar ba ta nemi fassara ba, ta koma wajen kaskonta ta ba mu baya. Na jawo kan Habiba na ɗora a kafaɗata a gaban mutane, na bar ta ta yi mai isarta. Da ta share fuska sai ta jawo farantin. Ban ce ta ɗanɗana mini ba, ban gutsura mata ba. Ta cinye nata tas, ta lashe sukarin yatsunta, ta dubi nawa ta ce:

"Umma, za ki ci wannan?"

Na tura mata. Ko a lokacin ban lura da abin da ta kira ni ba, sai da muka hau gada.

A kan gadar na kira ka, na ce ka kara wa Malam waya a kunne, don hannunsa ya daina riƙewa. Na ce masa ta cinye guda, ta ƙara da nawa, ta kuma karɓi Halifa ta rungume da kanta. Na ce masa na kira sunanta. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, amma na ji dariyarsa, na ji hamdalarsa. Ya ce:

"To yanzu ki taho."

Kwana huɗu aka ɗauka kafin a samu jirgi. Ina sauka a Kano na ga ƙanena ne ya zo tarba ba kai ba, na kuma ga bai kalli idona ba. Tun kafin mu kama hanyar Dutse na sani. Da asubar ranar Malam ya cika, an kai shi kafin azahar. Na tarar da zaurensa cike da mutane, littattafansa a jere inda ya bar su. Shekara arba'in da aure, ban riƙe hannunsa ba, ban ji kalmarsa ta ƙarshe ba, ban nemi gafararsa ido da ido ba. Wannan ciwon yana nan, ba ya tsufa, kuma ba na neman kowa ya rage mini shi. Amma in aka mai da ni kan waccan ranar da na kwance kaya, zan sake kwancewa. Habiba tana nan da ranta da lafiyarta, Halifa ya shiga makaranta, ya sami ƙanwa. Kullum ta kira ni sai na ce Habiba, in sake cewa Habiba, har ta ce Umma sunan zai ƙare.

Matarka ta gaya mini cewa a ranar da ka kara wa Malam wayar nan, ka ga yana dariya hawaye na bin kuncinsa, ka tambaye shi me aka ce, ya ce ka tambayi mahaifiyarka in ta dawo. Na dawo, na yi takaba, na fita, ina ta jira. Ba ka tambaya ba, ni kuma an ɗaure mini baki. To ga amsar, na ba ka ita duka.

Ranar Juma'a zan jiƙa alkama, Asabar in soya. Wannan karon ba zan aika ba. Ka zo da kanka, kuma kada ka karya a gida.